Tsakanin Illela da Mubi

Matasan da suke zuwa shagona a Agege su ce in koya musu aikin yanka tikitin jirgi ba su cika daɗewa ba. Suna zuwa da waya a hannu, kuma sun fi ni iya ta. Ɗaya zai rubuta sunan gari, ya rubuta sunan wani garin, wayar ta ja masa layi miƙe, ta ce ga nisan, ga kuma lokacin da jirgi zai ɗauka. Sai ya dube ni ya ce, “Baba, ai aikin ke nan.” Ba na musu da su. Abin da wayar ta faɗa gaskiya ne in akwai jirgin da ke bin layin. Tsakanin garuruwanmu na Arewa yawanci babu shi. Zan ba ku labarin tafiya ɗaya da na shirya daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Mubi ta jihar Adamawa, ina zaune a kan wannan kujerar ban motsa ba. Mai tafiyar 'yar maigidana ce, Dije, kuma abin da take nema shi ne ta iske mahaifinta da rai.

Sai na fara gaya muku wane ne maigidan. Alhaji Buba mutumin Mubi ne. Fataucin shanu ya kawo shi Legas, yana kai su mayankar da ke nan kusa da mu. Da yake ya ɗan yi boko kuma ba ya tsoron ofis, sai 'yan uwansa fatake suka riƙa aikensa Ikeja ya sayo musu tikitin komawa gida. A hankali aiken ya fi shanun yawa, ya kama shago. Ni kuwa dako nake yi a kasuwar Mile 12, ina sauke kwandunan tumatir. Wata rana na kai masa kaya gida, ya ga ina karanta rubutun da ke jikin kwali. Ya tambaye ni inda na tsaya a makaranta, na ce firamare. Ya ce gobe in yi wanka in zo.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in hau motar haya ta danfo zuwa Ikeja in yanko wa wani dillalin albasa tikitin Kano. A lokacin tikiti ɗan littafi ne mai jar takarda a ciki, in ka taɓa ta sai yatsanka ya yi ja. Na kai bakin ƙofa ya kira ni.

“Isuhu, wa za ka ce musu?”

Na ce, “Na Allah.” Haka duk kasuwa take kiran mutumin.

Ya ce, “Ranar suna haka liman ya raɗa masa? Je ka ce ya ba ka katin shaidarsa.”

Katin ya ce Muhammadu Sani. Har yau ba na rubuta sunan kowa daga baki, ko da tare muka yi wasan ƙasa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai taswirar da Alhaji ya manna a bango, gefunanta sun yi ja saboda tsufa. Akwai wayoyi uku, kowace da layinta daban, domin garin da wannan take kamawa waccan ba ta kamawa. Kwamfuta daga baya ta zo, ita da ƙaramin janareta. Amma babban kayan aikin mutane ne. Jirgi a filin jirgi yake ajiye mutum, ba a ƙofar gidansu ba, kuma abokan cinikinmu ba mutanen birni ba ne. Wani daga filin jirgin sai ya yi rabin yini a mota, wani sai ya tsallake rafi. Don haka kowane gari da jirgi ke sauka dole ka sami direban da ka san gidansa, da mai tura kaya da zai nuna wa baƙo kantar duba tikiti, da gidan mutunci da mace za ta kwana in jirgi ya saɓa. Waɗannan ba a samunsu a rana ɗaya. Ana samunsu ne da gaisuwar salla da zuwa suna da aika goro.

Alhaji ba ya taɓa tambayar mutum ina za shi kafin ya tambaye shi, “Lafiya dai?” Ba gaisuwa yake yi ba. Mai zuwa biki da mai zuwa saro kaya da mai zuwa duba marar lafiya, ko gari ɗaya za su, ba hanya ɗaya ake ba su ba. Mai saro kaya ana nema masa sauƙi. Mai biki ana tura shi da wuri don ya sami lokacin tsegumi. Mai duba marar lafiya kuwa ana tura shi da abin da ya fara tashi, sannan ka riƙe waya kana bin sa gari gari har ya shiga gida.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce ta korona. Jirage suka daina tashi, aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi. Mutane suna zuwa su tsaya a bakin shago, an yi musu rasuwa a gida, su tambaye mu ko akwai wata dabara. Babu. Muna da taswira, muna da wayoyi uku, muna da direbobi a ko'ina, amma ba mu iya matsar da mutum ɗaya daga Agege zuwa Ibadan ba. Na koma sayar da katin waya da ruwan leda. Alhaji yana zuwa kullum ya zauna a kujerarsa ya dubi titi. Da aka buɗe hanya sai ya ce ya gaji, ga hawan jini, ba ya son ajalinsa ya same shi a inda sai an nemi izini kafin 'yan uwansa su zo. Ya miƙa min makulli ya koma Mubi. Ni na yanka masa tikitin, kuma sai da ya karɓa ya duba ko na rubuta sunansa daidai.

Dije a shagon nan ta yi rarrafe. Haifaffiyar Agege ce, Yarabanci ya fi zama a bakinta fiye da Fulatancin mahaifinta, kuma Kawu take ce min. Da ta gama makaranta ta auri Alhaji Lawali, mai fataucin albasa, mutumin Illela, ta koma can tana koyarwa. Wato uba yana wannan kusurwa ta Arewa, 'ya tana waccan.

Wata safiya cikin damina, bara waccan, Malam Hamman, ƙanen Alhaji, ya kira ni daga Mubi. Ya ce jikin ya yi tsanani tun jiya, kuma sunan Dije kawai yake kira. Ban gama ajiye wayar ba sai ga Lawali a kan okada. Ya kawo motar albasa Mile 12, ba a ko fara sauke ta ba, shi ma an kira shi.

Ya ce, “Malam Isuhu, ka jiya? Baba shina kiran Dije. Ga shi na duba, wagga waya ta ce tsakaninmu da Mubi a jirgi ko awa biyu ba a yi. A sa ta yau-yau.”

Na ce, “Alhaji, zauna. A Illela wane fili jirgin zai sauka, na ƙwallo ko na idi?”

Ya yi 'yar dariya ba da son ransa ba, ya zauna. Na nuna masa a taswira. Daga Illela sai mota ta kawo ta Sakkwato. Daga Sakkwato babu jirgin da ke yin gabas, sai ya gangaro Abuja. A tsarin wancan lokacin, kafin na Sakkwato ya sauka Abuja na Yola ya riga ya tashi, don haka dole ta kwana. Gobe ta hau na Yola, daga Yola kuma mota ta bi da ita ta Song da Gombi da Hong har Mubi.

Ya ce, “To mi za ya hana ta bi mota tun daga gida?”

Na ce motar ma ba ta kai ta yau ba, ga hanyar Gusau da shi kansa ba ya yarda direbobinsa su bi ta da yamma, ga ta da goyo. Ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Na kira direbana na Illela na ce ya bar fasinjan da yake jira ya je ƙofar gidan Alhaji Lawali. Na yanka mata tikiti biyu, na haɗa da na jaririyar, domin ko ɗan kwana bakwai ne sai an sa sunansa. Sannan na kira ta.

Ta ce, “Kawu, ejo, don Allah, zan same shi?”

Na ce, “Ki ɗauki jaka ɗaya da katinki. Kada ki tsaya sallama da maƙwabta. Ki yi sauri.”

Daga nan na riƙa kiranta. Da suka wuce Gwadabawa na kira, na ce su yi sauri, hadari yana haɗowa. Da suka shiga Sakkwato ta ce za ta tsaya ta sayi zuma ta kai wa Baba, na ce zuma akwai ta a Mubi, ta wuce. A filin jirgi mai tura kayana ya karɓe ta ya kai ta kantar duba tikiti. Sai da ya ce min ya ga ta hau matakala da yarinya a baya sannan na tashi na yi azahar.

Ina shigowa daga masallaci wayar ta yi ƙara. Malam Hamman ne. Ya yi sallama, na amsa. Ya ce, “Isuhu, maigidanka ya cika.”

Na faɗi abin da ake faɗa. Ya ce, “Ina Dije take?”

Na ce, “Tana sama.”

“Yaushe za ta iso?”

“Gobe wajen magariba, in jirgi bai saɓa ba.”

Ina jin muryoyin mata a bayansa. Sannan ya ce, “Matan gida suna cewa ko a dakata ta zo ta ga fuskarsa ta yi masa addu'a kafin a rufe. Na ce sai na ji daga gare ka. Kai ka san hanya. Babu yadda za a yi ta kwana nan?”

Na duba duk abin da zan duba, alhali na san amsar. Babu jirgin Yola sai gobe. Na Gombe ma ya tashi. Mota daga Abuja da yamma, a damina, da mace da jaririya, ba zan sa 'yar kowa a ciki ba. Kuma ba a ajiye mamaci kwana da yini don jiran mai zuwa. Na ce, “Malam, kada ku jira. Ku kai shi bayan la'asar.”

Ya ce, “To.”

A wajenmu ba a gaya wa mai tafiya rasuwa yana kan hanya. Sai ya isa inda akwai hannun da zai riƙe shi. Wannan ba mu muka ƙirƙiro ba, haka muka taras. Abin da Alhaji ya ƙara a kai shi ne, ba ka faɗa, kuma ba ka yin ƙarya. A da wannan abu ne mai sauƙi, domin mutum in ya bar gida ba mai samunsa. Yanzu kafin a gama wankan gawa wani yaro ya sa hotonta a waya kowa ya gani. Don haka na roƙi Malam Hamman ya tara matasan gidan ya hana su. Sannan na kira Hajiya Talatu, mai sayar da abinci a hanyar filin jirgin Abuja, wadda a gidanta muke saukar da mata tun zamanin Alhaji.

Ta ce, “Isuhu, kai ba ka kira sai da kaya. Wa ka turo min kuma?”

Na gaya mata. Ta yi salati. Da ta natsu ta ce, “Bar min ita. Tana shigowa zan ce ta kawo wayar in sa mata caji a ɗaki, kuma cajin zan sa mata da gaske. In kana nemanta ka kira tawa.”

Lawali ya fi ba ni wahala. Da na gaya masa sai ya miƙe ya ce zai kira ta, matarsa ce, shi ya kamata ta ji daga bakinsa. Na ce in ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar filin jirgi da yarinya a baya, shi yana Legas, wa zai ɗaga ta? Ya ce to in yanka masa na Abuja yanzu ya je ya raka ta. Na ce, “Alhaji, ta san ka bar mota cike da albasa a Mile 12 cikin damina. In ta buɗe ido ta gan ka a Abuja, ai ka gama gaya mata.” Ya koma ya zauna, ya cire hula ya riƙe. Na yanka masa na jibi.

Da ta sauka Abuja ta kira ni kafin ta kai gidan Hajiya. A daidai lokacin, bisa lissafina, suna hanyar maƙabarta.

Ta ce, “Kawu, mun sauka. Ya jikin Baba?”

Na ce, “Na yi magana da Baffanki Hamman ɗazu. Ki yi ta yi masa addu'a. Yanzu ki je ki huta, ki ci abinci, ki ba yarinya nono. Jirgin gobe ba zai gudu ba.”

Ta ce, “To, Kawu.”

A Agege, ban da Lawali, ban gaya wa kowa ba. Rabin unguwar nan sun san Alhaji, kuma ƙawayen Dije na makaranta suna nan. In liman ya sanar a masallaci, kafin a yi sallama labari ya kai Abuja. Na zauna a shago. Wani ya zo neman tikitin Kano, na tambaye shi lafiya dai, ya ce biki, na yanka masa. Iya mai burodin da ke gefenmu, wadda kullum sai ta tambayi tsohon maƙwabcinta, ta leƙo ta ce, “Oga Isuhu, yaya Baba?” Na ce sai addu'a. Ta ce za ta yi.

Washegari Hajiya Talatu da kanta ta kai ta filin jirgi, ta miƙa mata wayar a kashe, ta ce a jirgi ma kashe ta za a sa ta yi, ta bar ta haka. Aka yi ruwa, jirgin ya makara, amma ya tashi. A Yola Malam Sali direba yana jiranta. Shi na fi yi wa bayani, domin ragowar hanyar ta fi haɗari. Na ce kada ya shiga tasha a Gombi ko Hong, ana iya samun ɗan Mubi ya gane ta ya yi mata gaisuwa. Na ce kada ya yi gudu. Na ce in sun shiga gari kada ya bi da ita ta ƙofar gida, domin a can maza suke zaune a kan tabarmi, daga nesa za ta gani. Ya zaga ta lungun baya, matar Malam Hamman tana tsaye a ƙaramar ƙofa.

Haka aka yi. Ana kiran magariba Malam Sali ya kira ya ce ta shiga, mata sun karɓi yarinyar, sun riƙe Dije. Na ce Allah ya saka. Aikina ya ƙare a nan. Na yi salla a cikin shago, na zauna ban kunna fitila ba.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara, na ga sunanta. Muryarta ta dushe amma a tsaye take.

Ta ce, “Kawu, na iso.”

Na ce, “Dije, sai haƙuri. Ni na ce kada su jira ki.”

Ta ce, “Baffa ya gaya min. Da Baba ne a kujerar nan haka zai ce.” Sannan ta ce, “Tun a Abuja na sani.”

Na ce, “Wa ya kira ki?”

“Ba wanda ya kira ni. Daga Illela har Sakkwato sauri kuke ce min in yi, ko zuma kun hana ni saya. Ina sauka Abuja kuka ce in huta. A shagon nan na girma, Kawu.”

Na ce, “Me ya hana ki tambaye ni kai tsaye?”

Ta ce, “Da na tambaya da kun rasa abin cewa, don ba za ku yi min ƙarya ba. In kuwa na ji da kunnena, ba zan iya goya yarinyar nan in hau wani jirgi ba. Sai na ce bari in bar ku ku kai ni gida.”

Ina jin ana kiran sunanta daga cikin gida.

Ta ce, “Ku fa? Wa ya yi muku gaisuwa?”

Na ce, “Mutanen unguwa ba wanda ya sani tukuna.”

Ta ce, “Tun jiya?”

Na ce, “Tun jiya.”

Ta ce, “To, Kawu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.”

Na ce amin. Na rufe shago, na tafi gidan liman in gaya masa ya sanar da jama'a a sallar isha'i.